Yau na yi magana a taron Isa

Talata da dare, Bafarawa

Alhamdulillahi, na dawo gida lafiya, duk da babur ya jijjiga min ƙugu. Ma'aikatan gwamnati sunka tara mu a garin Isa, suna son jin abin da manoma ke buƙata daga tauraron ɗan Adam. Da sunka ce yana hango ambaliya kafin ta iso, sai na tuna geronmu da gulbi ya cinye bara.

Na tashi na ce wa shugabar taron, "Hajiya, ku riƙa sanar da mu ta rediyo, da Hausa. Wayoyinmu ba kullum ke da sabis ba."

Ta ce, "Malam, maimaita in rubuta."

Ko za su cika, Allah masani. Amma da safe za ni gaya wa Inna an saurare mu, don ita ta fi kowa kukan geron nan.