Akwatin Sale da Masarar Baba

Zuwa ga ƙanina Idi a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali? Yaya ƙafar Hajara? Mu nan Sule Tankarkar lafiya lau.

Tun farin da ya biyo canjin hannun mota, jar masarar Baba kaɗan ta rage, ita nake ajiye don iri. To, ɗanka Sale ya dawo daga Jidda da wani akwatin lantarki. A gidansa na Gumel ya zuba masara ciki, ba wuta, ba yashi, sai ga gugguru. Ya ce, "Baffa, ɗanɗana." Na ce abin da wuta ba ta taɓa ba ɗanye ne. Yanzu wai ta Baba yake so, za ta fi fashewa. Ban yarda da akwatin nan ba, Idi. Ka rubuto masa ya bar mana irinmu.

Guggurun na ƙullo shi, na watsa wa zakarana.

Ka gaida mutanen gida, ku sa mu a addu'a. Gobe da asuba zan saurara ko zakaran zai yi cara. Ko ya yi, Gagarawa zan kai masarar, ƙanwarmu Kande ta ɓoye.

Yayanka,
Buba