Ginshiƙin hagu

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024

Madam Nuha, mai shagonmu na buga zane a unguwar Ma'adi, ta kawo wani allon tagulla da aka sassaƙa a Faransa wajen 1812. Ginshiƙai biyu, tulu a tsakiya, kambin ganye a sama. Irin adon da Turawan lokacin suka kwaso daga kangayen Girka da Rum, komai a miƙe, dama daidai da hagu. Wani otal na son kwafi talatin.

Ta ja ni gefe. Ta ce in idon Baba Bakri, tsohon da ke riƙe da injin bugu, bai iya wannan ba, khalas, magana ta ƙare, ya huta, injin ya dawo hannuna. In duba in gaya mata gaskiya.

Shekara shida ina jiran injin nan tun da na baro maɗaba'a a Yamai.

Talata, 5 ga Nuwamba

Na jiƙa takardu. Baba ya shafa allon da yatsa ya ce, "Mutanen nan ba su san karkace ba, ya bitti, 'yata. Ko matansu da ma'auni suke zana su."

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Bugun gwaji huɗu. Yana share tawada kamar kullum, tsumma tukuna, sannan tafin hannu da ɗan alli. Hannun bai manta komai ba. Amma duk huɗun akwai dusashen baƙi a gindin ginshiƙin hagu, kuma bai gani ba. Ya ɗaga takardar wajen taga ya ce tamam, wai ya yi daidai.

Da a zanen furanni ne, da ya ɓuya. Wannan salon ba ya rufa wa kowa asiri, farin fili ne da layi.

Na sa su a ƙasan aljihun tebur.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Madam ta kira sau biyu. Na ce takarda ba ta gama shan ruwa ba. Ƙarya.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Yana cikin sharewa na ji bakina ya ce, "Hagu, Baba. Ƙasa kaɗan."

Hannun ya tsaya. Na ɗauka zai yi faɗa, mutumin da ya taɓa korata waje don na taɓa allo da zobe a yatsa.

Sai ya ce, "Tun yaushe kika lura?"

Na ce tun Alhamis.

"Ke da lissafinki, Hanifa. Tun bara ne idon ya fara." Ya mayar da hannu. "Nan?"

Na ce nan. Ya share. Takardar ta fito fes, har siririn layin bakin tulun.

Mun buga tara. Ni ina faɗa, shi yana sharewa. Da zan tafi ya ba ni rabin sandwicinsa na waken ful, bai dube ni ba.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Talatin cif. Na duba kowacce da madubin ƙara girma, ba don ina shakka ba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Madam ta jera su a tebur, ta daɗe a kansu. Ta tambaye ni a hankali, hannun wa?

Na ce na Baba. Gaskiya ne, ko alƙali ba zai kama ni ba.

Ta ce, "To ke fa?" Na ce akwai sauran abin da nake koya.

Na mayar da kujerata gefensa na hagu. Hasken ya fi kyau a can, shi ke nan.