Tukunyar Gwate Ta Haye Kogi

Plumstead, London
4 ga Mayu

Zuwa ga uwargidana Juliana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, ke da Mama, kuma ƙafar tata ta fara sauƙi. Ki ce mata surukinta yana sa ta a addu'a safe da yamma. Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Na koma ga biro da takarda ne domin sabis ɗin ƙauyenku ya ishe ni. Memunatu ta ƙungiyarmu za ta sauka Jos, ita za ta miƙo miki.

Maman Kachollom, ƙungiyarmu ta 'yan gida tana neman tsagewa biyu, kuma Bernard ne riƙe da wuƙar. I, Bernard ɗinmu, wanda ya tsaya mini ranar aurenmu. Ya tara mutanen Stratford da duk na hayin kogi, wai sun gaji da ƙetare kogin Thames kowane wata zuwa Plumstead. Ko a mayar da mitin wajensu, ko su kafa tasu. A zaman da ya wuce ya miƙe gaban mata da yara ya ce ƙungiya ba kamfanin kwasar kayan Ephraim ba ce. Ni kuwa na ce masa sa'ad da nake fentin hall ɗin nan na mitinmu da hannuna, ina gyara banɗakinsa, ban ga ƙeyar ɗan Stratford ko ɗaya ba. Tun ranar ko a waya ba mu gaisa ba.

Kin san ni. Da jaka ɗaya da takardar sakandare na shigo ƙasar nan, yau motocin van uku na kwasar kaya ke yawo da sunana a jikinsu. Ba Bernard ne zai koya mini riƙon jama'a ba. To amma in muka rabu, wa zai tsaya wa wani ranar rasuwa ko ranar haihuwa a ƙasar mutane?

Ranar Lahadi Kachollom ta zo daga jami'a ta dafa mini shinkafa. Don kada mu zauna shiru, na tambaye ta abin da take tonowa a tsofaffin takardun Amurkan nan. Ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci, kamar kullum. Ashe majalisar dokoki ce ta wata jiha, Vermont, tun ƙasar tana jaririya. Na zaci manyan maganganu suke yi. Ina! Wai sai su wuni a kan aladun da ke shiga gonar mutane, da ladan wanda ya kashe kyarkeci, da wanda zai gina gada, da wani mai roƙon a canza masa suna. Na ce ashe su ma mitin 'yan gida ne. Sai ta ƙara da cewa sun yi shekaru ba su da mazauni. Duwatsu sun raba jihar gida biyu, kowane ɓangare bai yarda ɗayan ya riƙe majalisa ba, sai suka riƙa yawo da ita: in an zauna gabas, sai a haura dutse a zauna yamma, wani lokaci a ɗakin sujada. Tana wanke kwano ta faɗi wannan, ko kallona ba ta yi ba. 'Yarki ce, ba ta jifa a banza.

Ban yanke shawara ba tukuna. Hall ɗin nan gumina ne.

Ki gaida kowa da kowa.
Naki har kullum,
Ephraim

Plumstead, London
22 ga Yuni

Zuwa ga uwargidana Juliana,

Salama da alherin Ubangiji su tabbata gare ki. Na ga saƙonki cewa Mama ta fara taka ƙafa har bakin ƙofa, mun gode wa Allah. Yaya ruwa, yaya noman dankali? Ki gyara zama, yau da labari mai daɗi na zo.

A mitin ƙarshen Mayu na miƙe na ba su labarin majalisar nan mai yawo, tiryan-tiryan, kai ka ce ni na yi karatun. Na ce mutanen da suka kafa jiha sukutum sun haura dutse a kan doki don kada su rabu, mu da muke da bas da jirgi me zai hana? Wata guda a Plumstead, wata guda a Stratford. Baba Dung, dattijon nan mai buɗe mana zama da addu'a, ya ce to tunda Amurka muka koma, nawa ne ladan wanda ya kama dilan da ke yaga masa shara? Aka kwashe da dariya, har 'yan hayi.

Bernard bai yi dariya ba. Ya ce magana ba ta da nauyi, kaya ke da nauyi: kujeru, tulun shayi, ganguna, babbar tukunyar gwate, duk a Plumstead suke, wa zai ɗauka? Yana ganin ya ɗaure ni. Na ce Bernard, mai kwasar kaya kake tambaya wa zai ɗauki kaya? Aka ɗaga hannu, shawara ta wuce. Shi ne ya ɗaga na ƙarshe, idonsa a kan silin, kuma ya fita bai yi mini sallama ba. Don haka ban rubuto miki a lokacin ba. Ƙungiya ta tsira, amma ban san ko abokina ya tsira ba.

Jiya Asabar aka yi zaman farko a hayi. Na loda van da kaina. Matan Plumstead suka dafa gwate, aka ɗaure murfin tukunyar da igiya, Kachollom ta sa ta tsakanin ƙafafunta a gaba, duk birkin da na taka sai ta ce Daddy. Muka shiga Blackwall Tunnel, hanyar nan ta ƙarƙashin kogi, cunkoso ya tsayar da mu cak. Juliana, a cikin ramin nan na tuna da tsofaffin hayi da suke yin wannan hanyar kowane wata da sandunansu. Muka makara ƙwarai. Ga yayyafi, ga titin cocin da suka ari ɗaki babu wajen fakin ko na keke. Na ce a raina yau Bernard ya samu abin faɗa har Kirsimeti.

Ina shan kwana sai na hango mutum tsaye a kan kwalta cikin kwat ɗinsa na coci, ya jiƙe sharkaf. Ya jawo manyan kwandunan shara biyu ya tare wuri daidai ƙofa, yana ta cacar baki da wani mai tasi da ke son shiga. Bernard ne. Matarsa ta gaya mini daga baya tun kafin a buɗe ɗakin yake wurin, ya ƙi karɓar laima wai za ta hana shi ɗaga wa direbobi hannu.

Na faka. Ya leƙo ta taga ya ce ciyaman, da kunkuru muka aika da ya riga ka. Na ce kunkuru ba ya ɗauko gwate. Ya kama kunnen tukunya ɗaya, na kama ɗaya, haka muka shiga da ita, mata suna guɗa kamar an kawo amarya.

Zaman kansa ba wani abin a zo a gani. Mun tsayar da waɗanda za su je duba 'yar ƙungiyarmu Amamata a asibiti, sannan aka kusa awa ana gardama ko yakuwa ta yi yawa a gwaten. Ban taɓa jin daɗin gardamar banza irin ta jiya ba.

Da aka tashi ina shirin loda kaya, sai Bernard ya riƙe hannuna ya ce a bar rabin kujerun a nan mana, tunda za mu dawo. Ni da ba na barin ko cokali a gidan kwastoma, na ce ya ɗebi yadda yake so. Ko ƙirgawa ban yi ba.

Yana gaishe ki, ya ce in kin dawo, zaman hayi na farko a gidansa za mu kwana. Ki gaida Mama da dukan gida. Ki taho mana da acha.

Mijinki mai ƙaunarki,
Ephraim Davou