Layin da Aka Yanke Mana

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? A ce mata ta daina hawa kujera tana sauko da kaya da kanta.

Na san kin yi mamakin ganin rubutun hannuna, wanda kike cewa kamar kaza ta yi tono. Kada hankalinki ya tashi, lafiyata ƙalau. Intanet ɗin masaukinmu aka yanke, kuma nan wurin fasa dutse sabis ba ya ɗaukar kira, sai dai saƙon tes ya faɗo in ya ga dama. Direban tankin ruwa ne zai ɗauki hoton takardar nan ya turo miki idan ya shiga gari.

Masauki ya yi tsit, Yaya. A da, da zarar an tashi aiki kowa zai nemi lungu da waya a kunne, wannan na rarrashin yaro, wancan na cacar baki da mata. Yanzu ba ka jin komai sai ƙarar fanka. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Baba mai walda, dattijon da gadonsa ke kusa da nawa. Bai iya karatu ba, murya kaɗai ke haɗa shi da gida, ga matarsa kwance a asibiti. Kullum shi ke kiranta ya yi ta tsokanarta har sai ta yarda ta ci abinci. Yanzu sai ya zauna a bakin gado yana goge wayar da hularsa.

Ni ma kewa ta ishe ni. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Sallama da gaisuwa irin ta zumunci. Amsarki ta iso, na kuma ji daɗin jin Inna ta samu sauƙi.

Kin ce kin san ni tun ina rarrafe, idan na cika ba da labarin wasu to akwai nawa da na danne. Kin kama ni. Ni ne sanadin yanke layin.

Intanet ɗin kamfani ba ya barin kira ya fita. Shi ya sa kowa ya sa VPN, wata manhaja da ke sa waya ta yi kamar tana wata ƙasa. Manaja ya sani, ya kau da kai, don shi ma yana da iyali. Ni sai na saita tawa a kan ƙasarmu. Kada ki yi mini dariya, amma ganin tutarmu a saman waya kaɗai yana rage mini zafi. Sai tallace-tallacen gida suka fara shigowa, har da na cacar ƙwallo. A nan doka ta hana caca, amma wayata ta rantse ina gida, shafin kuma ya buɗe mini ƙofa.

Wallahi ba kwaɗayi ne ya fara ja na ba. Akwai wurin hira a shafin, inda samari ke zolayar juna da irin maganarmu. Na shiga don in ji ana magana kamar a ƙofar gida, kafin in ankara na fara zubawa da katin albashina.

Rannan na ci, ci mai kyau. Na zo cirewa suka ce in nuna shaidar inda nake. Suna ganewa suka rufe asusun da duk abin da ke ciki, wai na karya sharaɗi. Wa zan kai wa ƙara, alhali abin da na yi laifi ne a nan? Banki kuma ya ga katin mutum yana nan, ana caca da shi a can, sai ya toshe katin ya rubuto wa kamfani. Manaja ya tara mu, ya ce shi ma an taso shi gaba saboda ni, ba sauran intanet sai an gama bincike. Ni kuma an dakatar da ni daga aiki.

Ba wanda ya zage ni, da ma sun zage ni da na fi samun sauƙi. Idan na ajiye kwano a teburin cin abinci, sai a tashi ɗaya bayan ɗaya. Baba mai walda kaɗai ke amsa gaisuwata, ni kuma na kasa haɗa ido da shi.

Don Allah kada Inna ta ji.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fatan duk kuna lafiya. Yau ba ni da ƙarfin doguwar gaisuwa, ki yi haƙuri.

Jiya da hantsi kowa yana bakin aiki, ni kaɗai ne a ɗaki ina kallon silin. Sai ga Baba ya shigo da sauri, tabarau ɗin walda a goshi, hannunsa duk baƙi. Wayarsa ce ta yi ƙarar shigowar saƙo a aljihu, ya duba kusa da shi bai ga mai karanta masa ba, ya tuna ina nan. Fuskarsa a sake take. Ya ce tabbas tsohuwar ce ta sa aka rubuto, ƙorafi za ta yi ya daina kiranta, in karanta a hankali kada in tsallake zagin.

Na karɓa na duba. Ɗansa ne ya rubuto. Ta rasu tun shekaranjiya, har an kai ta. Saƙon ne ya makale a hanya. A ƙarshe yaron ya ce ta yi ta cewa a ajiye mata waya kusa da filo, don Malam zai kira.

Yaya, na so in ce rubutun bai fito ba. Na so in ruga in kira wani. Amma yana tsaye yana jira da murmushi, ba kowa a ɗakin sai ni. Na karanta masa. Da na zo layin ƙarshe na tsaya, sai ya ce ya ga rubutun ya fi haka tsawo, in ƙarasa. Na ƙarasa.

Ya zauna a bakin gadona, ba nasa ba. Ya yi salati. Na jira ya faɗi abin da kowa ya sani, cewa ni na hana shi kiranta, na ma shirya masa wuyana. Sai ya miƙo hannu ya karɓi wayarsa, ya ce Allah ya yi maka albarka, na gode da ka karanta mini, ɗana.

Tun daga lokacin ban iya sa komai a bakina ba. Ki yi wa matarsa addu'a, ko sunanta ban sani ba.

Ƙaninki,
Auta