Girman Kan Likita a Kan Ƙirjin Yayana

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Asibiti
Daga: Ƙanin majinyacin gado na shida, ɗakin maza
Kwanan wata: 19 ga Yuli

Game da: Sakacin likitan ɗakin maza kan majinyaci mai na'urar zuciya

Ranka ya daɗe,

Likitan ɗakin maza ya jefa ran yayana cikin haɗari saboda girman kai. Ni mai gyaran agogo ne, da kaina na koyi rubutu, a gafarce ni idan harshena ya yi kaushi.

1. Yayana tela ne, an dasa masa na'ura mai batir a ƙirji don daidaita bugun zuciyarsa. Har tsokanata yake yi wai shi ne agogon da ba zai taɓa ba ni gyara ba. Ranar 2 ga Yuli muka kawo shi da zazzaɓi da rawar sanyi. Gwaji ya nuna ƙwayar cuta ta shiga jininsa.

2. Matar yayana ta buɗe rigarsa ta nuna wa likitan tabon aikin, ta roƙi a kira likitar zuciya da ta dasa na'urar. Ya ce ba a koya masa aiki a ɗakinsa. Daga baya muka ji cewa gaba yake yi da ita, ko gaisawa ba sa yi. Alhali ofishinta yana ƙarshen barandar ɗakin maza.

3. Zazzaɓin na sauka likitan ya sallame mu da magani. Ranar 16 muka dawo da yayana ranga-ranga. Likitar zuciya ta ce cutar ta maƙale a wayoyin na'urar, magani kaɗai ba zai raba su ba, sai an cire komai. Jibi za a shiga da shi tiyata. Mutumin da ke tsokanata yanzu ko kofi ba ya iya riƙewa. Ni kuma na kasa zama, a tsaye nake rubuta wannan a jikin taga.

Don haka ina roƙo cikin ladabi a kafa doka: duk mai irin wannan na'ura da cuta ta shiga jininsa, a kira likitan zuciya nan take. Shi kuwa wannan likita, a gurfanar da shi gaban kwamitin ladabtarwa, a ɗauke hannunsa daga kan majinyata.

Na gode, a huta lafiya.

Naka mai biyayya,
Mai gyaran agogo, ƙanin majinyaci