Ramin Da Ba Ya Cikin Taswira

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Na rubuto ne don duk sanda na kira ka sai ka ce kana taro, takarda kuwa dole ka zauna ka karanta.

Yaya, ƙasa ta tsage a gonarmu ta gabas. Ranar Talata bayan ruwan nan mai ƙarfi na je duba masara, sai na tarar da tsaga daga gindin tsamiya har kan iyakar maƙwabcinmu. Na zura sanda ta shige duka. Rijiyar gida kuma ta janye, sai da na ƙulla igiyar shanya a ta guga kafin na taɓa ruwa. A tsakiyar damina fa.

Ka san zaman garin nan, tudu a arewa inda kamfani ya yi shekara talatin yana haƙar kwal, kogi a kudu, mu da gonakinmu a tsakiya. Kowa ya ce tsoffin ramukan kamfani ne ke lotsawa, ni ma ban ɗauke shi da zafi ba sai da na gaya wa Baba. Tun bara kansa ya fara rikicewa, jiya ma ya ce in je in kira masa Inna, ita da ta shekara tara a ƙasa. Amma da ya ji zancen tsaga sai ya tashi zaune ya ce, "Ina ta nufa?" Na ce wajen makaranta. Ya ce, "Ku kwashe yaran daga ajin ƙarshe."

Ajin ƙarshe ni nake koyarwa a ciki, Yaya. Yara arba'in da bakwai, har da 'yata.

Na sami Hedimasta, ɗan Baffa, na gaya masa. Ya yi dariya ya ce ranar nan ma Baba ya tare shi yana tambaya ko jirgin kwal ya iso, jirgin da aka cire layinsa tun muna goye. Ya ce saura wata ɗaya jarrabawa, ba zai rufe aji ba sai ya ga takarda. Kai ne a ofishin filaye na gunduma. Don Allah ka duba tsoffin taswirorin kamfani ka gaya mini abin da ke ƙarƙashin ƙafata.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, iyali suna amsawa. Ina fatan jikin Baba da sauƙi.

Na yi kwana biyu a ɗakin ajiyar takardu, har tari ya kama ni. Ga abin da na samu. Kamfanin ya haƙa ramuka huɗu daga gindin tudu. Uku sun nufi yamma. Na huɗu ne ya bi ta ƙarƙashin gonarmu, don haka tsagar da kika gani ba abin mamaki ba ce, ki daina barin awaki suna zuwa wajen. Amma a taswira ramin ya tsaya kimanin mita ɗari biyu kafin filin makaranta. A hukumance babu komai a ƙarƙashin ajinki.

Ina ba ki shawara ki bi Hedimasta a hankali. Kin san halinsa, kin kuma san dalili. Yana ɗan shekara biyu Baffa ya bar gari bai sake waiwayo ba, ya tashi ana yi masa gori da uban da ya gudu. Makarantar nan ita ce duk abin da yake tinƙaho da shi. In kika tara masa iyaye a kan maganar tsoho mai mantuwa, ba zai yafe miki ba.

Abu ɗaya dai na so in bari, amma ya tsaya mini a rai. A ƙarshen rami na huɗu akwai alamar layin fensir da aka goge, sai an karkata takardar ga haske ake ganinsa, kuma gabas ya ci gaba. A littafin sunayen leburori kuma an soke sunan Baffa a makon da aka rufe ramin, an rubuta "ya bar aiki". Wanda ya sa hannu shi ne helman ramin, wato shugaban leburori. Kin san ko wane ne. Wataƙila ba komai. Kada ki karanta wa Baba wannan.

Allah ya tsare.

Yayanki

*

Yaya,

Salam. Ka yi haƙuri, na karanta masa. Ka tsaya ka ji dalili kafin ka yi faɗa.

Ranar Litinin ƙofar ajina ta ƙi rufuwa, ta karkace daga sama. Bayan allo kuma bango ya dare, har ina hango itacen mangwaro ta ciki. Na ajiye ƙwallon yara a tsakiyar aji don in gwada, ta gangara da kanta zuwa kusurwa. Yara suna ta dariya. Na kwashe su muka koma gindin mangwaro. Hedimasta ya zo ya ce, "Malama, wa ya ba ki izini?" Malama fa, ni da muka ci a kwano ɗaya. Ya ce ginin tsoho ne, birkila zai zo ya shafe. Ya ba ni takardar gargaɗi, ya mayar da yara ciki.

Da na dawo gida na kasa cin abinci. Baba yana kan tabarma a zaure yana ɓare gyaɗa, ya ce me ya same ni. Sai na ɗauko takardarka. Da na zo wajen layin fensir ya ajiye kwanon. Sannan ya ce, "Ɗauko biro yanzu, kafin abin ya sake tafiya." Abin da ke haɗe da wannan, bakinsa ne, ban ƙara ba ban rage ba. Ka zauna kafin ka karanta.

Auta

*

Ɗana,

Ina gaishe ka. Allah ya yi maka albarka. Yau kaina a buɗe yake, shi ya sa nake sauri.

Taswirarku ƙarya take yi. Shekarar da kamfani zai tashi, manaja ya ce mu ci gaba da rami na huɗu zuwa gabas, akwai kwal mai kyau, kuma kada a sa a takarda don hukuma ba ta yarda ba. Mu takwas muka yi aikin. Katakon tokara rufi ya ƙare, na gaya masa, ya ce saura mako biyu, mu lallaɓa. Ni ne helma, da na ce a'a da ba a shiga ba. Ban ce ba.

Ƙanina ne a gaba ranar da rufin ya sauko. Mun yi tono har hannuwanmu suka fashe. Manaja ya zo ya ce in maganar ta fita dukanmu za a ɗaure, ya sa aka toshe bakin da bulo. Ni na je na gaya wa matarsa cewa ya shiga duniya. Tana goye da yaron nan tana kallona.

Lokacin ba makaranta a wurin, fili ne na kiwo. Da aka zo aza harsashi bayan shekaru ina tsaye a wajen, har addu'a aka sa ni na yi. Na ce a raina ƙasa ta riƙe shekara goma sha biyar, za ta ci gaba da riƙewa. Sauran shidan duk sun rasu, saura ni.

Daga tsamiyar gonarmu, ka fuskanci mafitar rana, taku ɗari huɗu da ashirin. Nan ramin ya ƙare. Nan ƙanina yake kwance. Ka kai wannan takarda duk inda ya kamata, na dangwala yatsa a ƙasa. In ɗauri ne a zo a same ni a zaure.

Mahaifinka

*

Auta,

Na karanta sau uku a ofis, na fita na zauna a mota. Na auna takun a kan taswira. Ya faɗa daidai ajinki.

Na kai wa injiniyan gunduma. Ya ce maganar tsoho ba ta isa a rufe makaranta ba sai an huda ƙasa an gani, amma ya yarda ya ba ni masu injin burtsatse ranar Asabar ta makon gobe. Kafin nan kada ki shiga ajin nan, ko za a kore ki daga aiki. Ki ce ba ki da lafiya, ki ce wa iyaye abin da kika ga dama, ki hana 'yarki zuwa.

Kuma don girman Allah kada ɗan Baffa ya ji daga bakin kowa kafin in iso. Ni zan gaya masa, ni ne babba. Ban san da wane baki ba. Duk hanyar gida ina ta shirya magana tana rushewa. Ki kula da Baba, kada ki bar shi ya fita shi kaɗai.

Sai na zo.

Yayanki

*

Yaya,

Salam. Takardarka ta makara. Ranar Alhamis ina gindin mangwaro da yaran da na hana shiga, sai ga Baba da sandarsa, ya wuce ofishin Hedimasta ya turo ƙofa. Sun fi awa ɗaya a ciki. Da Hedimasta ya fito ya kaɗa ƙararrawa da kansa, ya sallami makarantar duka, bai kalli kowa ba.

Tun ranar kullum da safe sai ya buɗe ajin ƙarshe ya zauna a bencin gaba shi kaɗai. Na tsaya daga taga na roƙe shi ya fito. Ya ce in gaya maka ka zo da injin, amma kada a huda ko'ina sai yana tsaye.

Baba kuwa ya manta ya je. Yau da safe ya tambaye ni me ya sa ɗan ƙaninsa bai zo gaishe shi ba kwana biyu, ko wani ya ɓata masa rai. Na ce aiki ne ya yi masa yawa.

Ka taho da wuri, hadari yana haɗuwa.

Auta