Billen Mahaifiyarki

Gudu, Abuja
9 ga Satumba, 2012

Zuwa ga Zuhra, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko da ya sauka a kan busasshiyar ƙasar zuciyata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya yi laifi, ya kuma san ya yi. Yau kwana ashirin da uku ke nan rabona da muryarki. Na kira, wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Na tura saƙo, ya tafi bai dawo mini da ko harafi ɗaya ba. Ya ke wadda murmushinta ya fi hantsin damina haske, yaya shuka za ta yi idan gajimare ya juya mata baya? Ina kifi zai nufa idan kogi ya janye? Wayyo Zuhra, shirunki ya fi kowace irin magana nauyi a ƙirjina!

Kin tuna Talatar da kika shigo shagon hotonmu, mayafinki jiƙe da yayyafi, kika ciro ambulan daga jaka da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai? Hoton marigayiya mahaifiyarki ne, guda ɗaya tak da ya rage a duniya, wanda aka ɗauka a Gusau ranar sunanki, tana rungume da ke. Ruwan da ya yoyo ta rufin ɗakinku ya ci gefensa, ya bar tabo da karce a fuskarta. Kika ce kina da shekara huɗu ta rasu, ba ki da wata fuskarta sai wannan. Ba ki kai shi manyan shagunan Wuse ba. Ni kika kawo wa, ni da kika amince in turo magabatana bayan Sallah. Ranar na ji kamar an ɗora mini sama da taurarinta a tafin hannu.

Sai na yi garaje, don in burge ki. Akwai wata sabuwar manhajar gyaran hoto da na sayo a faifai, wadda mai sayarwa ya rantse mini maɓalli ɗaya ake dannawa ta gama komai. Da ita nake yi wa amare da masu neman kujera aiki, domin a garin nan yanzu kowa so yake a haska shi, a goge masa shekaru goma. Hannuna ya saba, idona ya mutu. Na danna, tabo ya ɓace, karce ya ɓace, fata ta yi sumul ta yi haske. Na wanke hoton, na sa shi a gilashi, na kawo miki Gwarinpa ina taƙama.

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta yadda kika riƙe shi ba. Kin daɗe kina kallo, sannan kika ce, "Wannan ba Innata ba ce." Kika ajiye shi a kan dakali, kika shige gida. Sai a hanya na gane abin da na aikata. Manhajar ta ɗauki billen da ke kuncinta na hagu a matsayin karce, ta share shi tare da ɓarnar ruwa. Tsagar gidansu, wadda kika taɓa gaya mini kina shafawa da yatsa idan ta ɗora ki a cinya, ni na goge ta da dannawa ɗaya! Ruwa ya ci gefen hoto, ni kuwa na ci fuskar. Wane irin masoyi ne zai maraita abar ƙaunarsa sau biyu?

Da na ba Oga Thaddeus labari, mai shagonmu da ya fara aikin nan tun zamanin wankin fim, bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi da irin Hausarsa, "Manniru, mashin bai san mama ba. Kai ne za ka san shi." Daga nan na zauna zaɓen manhaja kamar mai zaɓen likitan da zai miƙa wa ransa. Huɗu na gwada, a kan kwafi, ban sake kusantar hoton asali ba. Wata ta iya launi amma tana daka fuska ta zama kamar roba. Wata kyauta ce a intanet, tana da kirki, sai dai hannuna bai zauna a kanta ba. A ƙarshe na tsaya a kan wadda ta fi kowace wuya, wadda ba ta yanke wa mutum hukunci. Tana barin asalin hoton a ƙasa yadda yake, a yi gyara a kan wani shafi mai shara-shara a samansa, a kuma faɗaɗa fuska har a ga ɗigo-ɗigon da suka haɗu suka yi ta. Tsohuwar kwamfutarmu har nishi take yi idan na buɗe ta, sau biyu kuma aka ɗauke wuta aikin yini guda ya tafi. Ban yi ƙorafi ba, na san horo ne da na cancanta.

Duk da haka akwai inda na kasa rabe karce da tsaga. Sai na hau tudun Mpape, ta ƙananan hanyoyin da ƙarar fasa dutse ke girgizawa, na nemi gidan Iyatu, ƙanwar mahaifiyarki. Da farko ko gaisuwata ba ta amsa da kyau ba, ashe labari ya riga ni isa. Da na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni, sai ta juyo mini da kuncinta ta ce in duba da kyau, wanzami ɗaya ne ya yi musu. Ta ce yayarta baƙa ce mai sheƙi kamar nunanniyar ɗinya, ba ta taɓa sha'awar fari ba. Da kwatancenta na yi kwana goma sha ɗaya ina bin fuskar nan ɗigo bayan ɗigo. Shekaranjiya na koma na nuna mata. Ta rufe baki da gefen zane, ta kira sunan marigayiya sau uku, hawaye na zuba.

Ga hoton da na gyara nan cikin ambulan ɗin nan, tare da na asalin, ya farin watan da nake duba. Za ki ga wuri ɗaya da ban taɓa ba. Hannunta na dama, wanda ya tallafo kanki, ruwa ya cinye shi gaba ɗaya. Manhajar za ta iya ara mata hannun wata, ba wanda zai gane, amma na rantse ba zan ƙara ba ki ƙarya don ta yi kyau ba, a hoto ko a zaman aure. Na bar wurin fari fat.

Ba na roƙon ki manta. Ina roƙon ki duba fuskar nan, idan kin ga Innarki, ki yafe wa wanda ya ɓatar miki da ita na ɗan lokaci. Idan kuma har yanzu ba ita ba ce, ki dawo mini da shi, in sake daga farko, ko da zan tsufa a gaban kwamfutar nan. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta, Ya sanyaya zuciyar 'yarta a kaina.

Naki jiya da yau, naki ko kin amsa ko kin yi shiru, har ranar da za a miƙe ni a makwancina,

Manniru